Dala biyar, fasfon uwargida da takardar harajin Amurka

Ran da na ce ma uwargida duk shekarar da na samu dala biyar dole in cika takardar haraji in aika Amurka, dariya ta yi har sai da ta aje ludayin da ke hannunta. Ta ce Alhaji dala biyar fa ka ce? ai ko almajirin da ke zuwa ɗaukar tuwon dare ya fi ƙarfin dala biyar. Kuma da gaskiyarta, tunda mu nan Maradi dala biyar 25F ce, ko ƙullin gishiri da ƙyar ta saya maka. Sai da na ce mata a'a dalar Amurka nike nufi, wajen jika ukku kenan in an canza, ta ce to ko jika ukkun ce mi za su yi da ita, mutanen da sunka taka wata? Na yi shiru. Amma dokar haka take, kuma abin da ya ɗora mini ita shi ne auren da munka yi ni da ita.

Bari in koma baya kaɗan. Ni lotirin biza ta kai ni can, wadda muke ce ma DV. Na sauka Greensboro cikin jihar Karolina ta Arewa saboda akwai 'yan Nijar da yawa wurin, na yi aikin dako cikin sito, na yi tuƙin babbar mota, da na cika shekara biyar da katin zama na nemi zama ɗan ƙasa anka ba ni. Cikin wannan zaman na sayi wani ɗan ƙaramin gida da bashin banki, wannan kuma wata magana ce tsakanina da malamai, mu bar ta nan. Da jikin Inna ya fara nauyi na ce to lokacin gida ya yi, na zuba 'yan haya cikin gidan, na dawo na buɗe shagon fiyes na mota, ba a daɗe ba anka ɗaura mini aure.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, har da waɗanda sunka tsufa can, Amurka ba ta sakin ɗanta. Sauran ƙasashe inda kake zaune suke dubawa, in ka tashi ka bar musu ƙasa sai abin da ka samu cikin ƙasarsu kawai za su taɓa. Ita kuwa Amurka fasfo take bi, kana Bagalam ko kana Tibiri ko kana ƙauyen da ko rezo babu, in dai ɗan ƙasarta ne kai, tana son lissafin abin da ka samu duniya duka, kowace shekara, bisa fom ɗin da suke ce ma 1040. Eritriya ce kawai ake yawan ambata tana yin wani abu mai kama da haka. Kuma tsakanin Nijar da Amurka babu yarjejeniyar haraji, duk Afirka ma ƙasashe huɗu ke da ita, Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu.

To saman fom ɗin nan, kafin ka rubuta ko sisi, akwai tambayar matsayinka, akwatuna biyar. Gwauro, wato singil. Ma'aurata masu cikawa a haɗe. Ma'aurata masu cikawa a rabe. Shugaban gida. Sai na biyar na wanda abokin zamanshi ya rasu ya bar mishi ɗiya. Kuma ranar 31 ga Disamba suke dubawa, ko daren wannan ranar anka ɗaura maka aure to shekarar nan duka mai aure ne kai a wurinsu.

Ni shekara biyu ina danna gwauro alhali ga mata cikin ɗaki.

Wani mai cika ma mutane takardu ne can ya ce mini haka, ta waya, da cikakken ƙarfin gwiwa, wai matarka ba ta da lambar Amurka, ba ta taɓa taka ƙasar ba, auren ma na ƙofar gida ne da goro da dabino, su ina ruwansu, sa singil kawai. Ni kuma abin ya yi mini daɗi saboda shi ne mai sauƙi. Asirin ya tonu ne lokacin da munka samu ɗiya macce, ina haɗa dosiye zan tahi ambasad Yamai in yi mata takardar haihuwa ta 'yan ƙasa da ake haifa waje. Sharaɗin shi ne uban ya nuna ya zauna Amurka shekara biyar, biyu daga ciki bayan ya cika shekara 14, shi ya sa na kwaso tsofaffin takardun harajina don su zama shaida. Wani abokina da munka yi zaman Greensboro tare, shi ma ya dawo shina zaune Zariya, ya zo shina taya ni jerawa, sai ya ɗauki takardar aure ta meri da hannu guda, takardar haraji da ɗayan, ya dubi kwanan wata ya dube ni ya ce mutumina wa kake ma ƙarya, meri ko IRS, hukumar harajin Amurka? Wallahi zufa ta keto mini.

Auren da dokar ƙasar da anka yi shi ta amince da shi, Amurka ma ta amince da shi, ba sai an je coci ko kotun can ba. Ta fannin kuɗɗi gwauro da mai cikawa a rabe kusan ɗaya suke, ragin da ake cire musu kafin a fara lissafin haraji ma iri ɗaya ne, amma ƙasan fom ɗin inda kake sa hannu rantsuwa ce kake yi cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. Kuma duk ran da ka tashi nema ma matarka biza za su nemi takardun harajinka, ka ga kenan kai da kanka ka rubuta ba ka da mata sannan ka zo kana roƙon a ba matarka biza. Gyaran dai akwai shi, fom 1040-X, kuma in akwai rarar da za su maido maka shekara ukku gare ka daga ranar da ka aika ta farko.

Da na zauna gyara sai na tarar hanya ukku ce gaban mai irin halina, wato ɗan ƙasa da ke auren wadda ba 'yar ƙasa ba kuma ba ta da katin zama.

Ta farko ita ce cikawa a rabe, ita ce ke hawa kanka in ba ka zaɓi komi ba. Ka rubuta sunan matarka, wurin lambarta ka sa haruffa ukku, NRA, ma'ana baƙuwa ce da ba ta zaune ƙasar, shi kenan ba ruwansu da abin da take samu. Nan ne maganar dala biyar ɗin take. Gwauro a shekarar 2024 sai ya samu dala 14,600 kafin cikawa ta zama dole gare shi, amma mai aure da ke cikawa a rabe dala 5 ce iyakarshi. Ragin da ake cire maka kafin a fara lissafin haraji 14,600 ne, kuma akwai rangwame da dama da wannan akwatin ke hana ka, kamar na kuɗɗin karatu. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne dattijon da ya gama aikinshi can ya dawo gida shina cin fansho na Social Security, in shina zaune gida ɗaya da matarshi kuma ya cika a rabe, babu wani kason da ake ɗauke mishi daga farko kamar yadda ake ma sauran mutane, har kashi 85 cikin ɗari na fanshon na iya shiga lissafin haraji. Sai kuma ƙaramar wahala, wasu manhajojin cikawa ta intanet ba su karɓar NRA ɗin nan, su ce sai lamba, ka koma buga takarda ka aika Austin ta jihar Texas, daga Maradi.

Hanya ta biyu ita ce wadda kowa ke zuga ka ka bi. Wani ɗan uwanmu da ke can har yanzu ya kira ni cikin dare ya ce kai wauta kake, ka haɗa da madam mana, ragin ninki biyu ne. Kuma bai yi ƙarya ba, 29,200 ne a 2024, sannan matakan harajin ma sun fi faɗi, kashi 10 cikin ɗari na kai ka har dala 23,200 maimakon 11,600. Dokar ta yarda, sashe na 6013(g), ku rubuta takarda ku biyu ku sa hannu cewa kun zaɓi a ɗauki matar kamar mazauniyar Amurka ta fannin haraji, ku liƙa ta jikin fom ɗin shekarar farko, sannan a nema mata lambar haraji da ake ce ma ITIN da fom W-7. Na ji abin ya kwanta mini, har na fara lissafin abin da zan yi da rarar.

Sai na zo ma uwargida da maganar bayan isha'i.

Na ce Hajiya akwai wata takarda da za ki sa ma hannu, za ta rage mana haraji. Ta ce ta mi ce? Na yi mata bayani yadda na iya. Ta ce to in na sa hannu mi ya hau kaina? Ka ga tambayar da ni ban yi ba kenan, shi ma ɗan uwan namu bai yi ba. Na koma na sake karantawa, abin da ya hau kanta shi ne duk abin da ta samu duniya ya shiga lissafin Amurka, daidai da nawa. Ita kuwa Hajiya ba zaman banza take ba. Tana saro atamfa da leshi daga Kano tana ba mata bashi su biya kaɗan kaɗan, tana da raguna da take turkewa tun watan azumi ta saida gab da layya, ga adashe biyu, ɗaya ma ita ce uwar adashen, ga wata gona wajen Madarumfa da ta gada wurin mahaifinta ana noma mata ana kawo nata kason. Duk wannan lissafin cikin kanta shike, ba kaye ba biro, amma ka tambaye ta wa ke da bashin jika bakwai tun watan Rajab ta gaya maka har da kalar zanen. Na ce mata sai dai kowace shekara mu zauna mu rubuta nawa kika saro, nawa kika saida, nawa ragunan sunka ci na dusa da harawa, mu juya shi dalar Amurka. Ta dube ni ta ce Alhaji, kai da kake mijina ka taɓa sanin ko nawa gare ni? Na ce a'a. Ta ce to sai wani bature da ban taɓa gani ba?

Nan maganar ta fi ƙarfina, don abin da ta faɗa shi ne tsarinmu kuma shi ne addininmu, dukiyar macce tata ce, ci da sha da tufafi na kan miji, ita kuwa ribar sana'arta ko ta ba ka ko ta hana ka ba mai tuhumarta. Fom ɗin nan na haɗaka an yi shi ne don gidan da miji da mata ke zuba albashi cikin konti guda. Mu gidajenmu tukunya ce ɗaya, aljihu biyu ne.

In zan yi adalci, da wuya ta biya ko dala ɗaya a kan sana'ar tata, ribar ba ta kai inda za ta yi nauyi ba. Amma biya daban, lissafi daban. Lissafin dole ne, kuma in kunka cika a haɗe duk kuskuren da ke cikin takardar na ku biyu ne, in ni na ɓoye wani abu ko na yi kuskure anka ci ni tara, suna da ikon bin ta bashin gaba ɗaya kamar yadda za su bi ni. Matar da ba ta san hanyar Yamai sosai ba ta wayi gari gwamnatin Amurka na bin ta bashi saboda hayar gidan da ba ta taɓa gani ba.

Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai, zaɓin nan ba na shekara guda ba ne. In kunka yi shi ya zauna kenan, shekara mai zuwa ko kun koma cikawa a rabe ita tana nan matsayin mazauniya, sai ta cika tata. Ana iya soke shi, ɗayanku ya rubuta ya ce ya janye, mutuwa ma na kashe shi, rabuwar aure ma haka, ko su da kansu su soke in sunka ga ba ku aje lissafi yadda ya kamata. Amma in ya mutu sau ɗaya ya mutu har abada, ba ka sake yin shi, ko da wata matar ka aura daga baya. Harsashi guda ne cikin bindigar, shi ya sa ban ga dalilin harba shi don rarar shekara ɗaya ko biyu ba.

Maganar fasfo ce ta ƙarasa kashe zancen. Wajen neman ITIN ba su karɓar fotokopi haka nan, ko ka aika fasfon kanshi ko kwafin da hukumar da ta ba da shi ta buga ma hatimi, ko ka bi ta hannun wakilan da IRS ta amince su tantance takardu, kuma daga waje amsar na ɗaukar sati tara zuwa goma sha ɗaya. Hajiya ta yi fasfon nan ne don Umra, cikin akwatin ƙarfe shike tare da sarƙarta ta zinari. Da ta ji wai za a sa shi cikin ambulan a aika Texas ta ce Alhaji don Allah mu kwana, gobe akwai tashin asuba.

Ban ce hanyar haɗakar ba ta da amfani ba fa. Wanda matarshi ba ta sana'a ko kaɗan, ba su da ɗa tukuna, kuɗɗinshi kuma daga can suke shigowa, ko wanda dama shirin ɗaukar iyalinshi shike su koma Amurka da zama, tunda in ta samu katin zama dole dai ta shiga lissafin, to wannan haɗakar na iya zama alheri gare shi. Abin da nike ƙi shi ne yadda ake ba da shawarar kamar matar ba ta cikin maganar, alhali hannunta za a sa.

Hanya ta ukku ba wanda ya taɓa gaya mini ita, abokin nan nawa na Zariya ne ya tono ta cikin littafin bayanin IRS mai lamba 501. Shugaban gida, su suna taƙaita shi HOH. Da ma ni na ɗauka na zawarawa ne da waɗanda aure ya mutu sunka riƙe ɗiya, ashe akwai wata ƙofa, in matarka baƙuwa ce da ba mazauniyar Amurka ba, kuma ba ku yi wancan zaɓin na haɗaka ba, to don wannan akwatin kawai ana ɗaukarka kamar marar aure, ko kuna kwana ɗaki guda. Abu biyu ake so gare ka. Ka zama kai ke biyan fiye da rabin hidimar gidan, kuma a samu wani cikin gidan da ya cancanta, ita matar ba ta shiga wannan lissafin, sai dai ɗa ko ɗiya da sunka zauna tare da kai fiye da rabin shekara, ƙasa da shekara 19, ko ƙasa da 24 in cikakken ɗalibi ne. Jaririn da anka haifa cikin shekarar ma ya shiga. Kuma ba ɗan cikinka kaɗai ba, agola na shiga, jika na shiga, ƙanenka ko ɗan ƙanenka da kake riƙo na iya shiga in ya cika sauran sharuɗɗan, ka ga kuwa gidan Bahaushe ba a rasa ɗan riƙo. Abin mamaki ma, ga wannan akwatin ba dole sai yaron na da takardar zama ɗan Amurka ba.

Na so in sa Inna, tunda ni ke ɗauke da ita kuma dokar ta yarda da iyaye ko ba gida ɗaya kuke ba. Sai na tarar su iyaye sai sun zama 'yan Amurka ko mazauna can, ko mazauna Kanada ko Meziko. Inna kuwa iyakarta Makka da Katsina.

Ragin shugaban gida a 2024 dala 21,900 ne. Duba lissafin da kyau, a rabe 14,600, shugaban gida 21,900, a haɗe 29,200, wato tsakiya cif shike, 7,300 sama da wancan, 7,300 ƙasa da wannan. Ga mai biyan kashi 12 cikin ɗari, 7,300 ɗin nan na nufin dala 876, kusan rabin miliyan na sefa kenan. To ni na samu rabin farko ba tare da na taɓa fasfon kowa ba, ba tare da ragon kowa ya shiga kwamfutar Amurka ba. Rabi na biyun shi ne kuɗɗin da za a biya ni in riƙa miƙa musu lissafin Hajiya kowace shekara, na ce a bar shi. Shekarar farko ta aurenmu na gyara ta ta koma a rabe, ta biyu da anka haifi ɗiyar na gyara ta koma shugaban gida, har sunka maido mini 'yan canji. Na 2025 ma an ɗaga alƙaluman, 15,750 da 23,625 da 31,500, tsarin dai shi ne.

Inda ake zamewa shi ne maganar rabin hidimar gida, don abin da mu muke kira hidima da abin da su suke ƙirgawa ba ɗaya ba ne. Suna ƙirga haya, kuran, ruwan pampo, gyaran gida, harajin gida da abincin da anka ci cikin gidan. Ba su ƙirga tufafi, ba su ƙirga kuɗɗin lakwal, ba su ƙirga magani da likita, ba su ƙirga kuɗɗin mota. Wato ɗinkin salla da ke karya mu duk shekara bai cikin lissafi. Ni abin ya zo mini da sauƙi don gidana daban shike. Amma ka ɗauki mai zaune babban gida, wa da ƙane huɗu kowa da iyalinshi, mita ɗaya ta kuran, hatsi daga rumbun gandu ake ɗibowa, wannan ya kawo buhun shinkafa wancan ya biya ruwa, to shi sai ya zauna da gaske ya ware sashenshi ya ga ko abin da ke fita aljihunshi ya haura rabi. Haka wanda ya bar iyali nan shi shina can wata tara ko goma cikin shekara shina aiko da kuɗɗi, wannan bai zauna da yaran fiye da rabin shekara ba, kada shi ruɗi kanshi.

Mai mata biyu kuma, tunda na san za a tambaya, fom ɗin wurin mata ɗaya gare shi, dokarsu ba ta san amarya ba. Ɗiyanta dai ɗiyanka ne.

Akwai waɗanda duk wannan dogon zancen bai canza musu komi ba. In albashi kake ɗauka nan, misali kana aiki da wata ƙungiya Yamai ko Maradi, akwai fom 2555 da ke ɗauke maka haraji kan abin da ka samu da guminka a ƙasar waje har dala 126,500 a 2024, in dai ka tabbata mazaunin waje ne kai ko ka yi kwana 330 cikakku wajen Amurka cikin wata goma sha biyu. Wa ke samun wannan a Maradi? ka ga duk akwatin da ka danna sifiri za ka biya. Amma bai rufe kuɗɗin haya ba, bai rufe fansho ba, don ba gumin shekarar ba ne. Kuma duk wanda ya yi amfani da shi ya rasa kuɗɗin yara da ake maidowa a hannu, wanda ya kai dala 1,700 kan kowane yaro mai lambar Social Security a 2024. Ni saboda wannan ne ban taɓa 2555 ba, na bar ribar shago da hayar gida sunka haɗu, ragin shugaban gida ya cinye mafi yawa, kuɗɗin yarinya ya share sauran. Lanhon da ka biya nan kan riba ko albashi ana iya cire maka shi ta fom 1116, amma kuɗɗin duwan da TVA ba su ciki, ni kuwa duwan ce ke cin rabin raina.

Wanda ba shi da magani shi ne na mai sana'ar kanshi. In ribarka ta kai dala 400 a shekara akwai kashi 15.3 cikin ɗari na asusun fansho da lafiyar tsofaffi, ko wane akwati ka danna, ko ka yi 2555 ko ba ka yi ba, tunda Nijar ba ta da yarjejeniyar fansho da su. Duk shekara in na zo wannan layin sai na tashi na sha ruwa. Ina dai lallashin kaina da cewa shina ƙara mini fanshon gobe in Allah ya kai mu.

Ranar ƙarshe 15 ga Afirilu ce, mu na waje ana ƙara mana har 15 ga Yuni ba sai mun roƙa ba, sai dai in akwai abin biya ruwa na fara hawa tun Afirilu. In kuma duk kontocinka na bankunan da ke wajen Amurka sunka haɗu sunka haura dala 10,000 ko na yini ɗaya ne cikin shekara, wajen miliyan shidda kenan, akwai wata sanarwa daban da ake ce ma FBAR, ita ba haraji ba ce amma tarar rashin yin ta ba ta da daɗi. Ɗan kasuwa kuwa kuɗɗin kwantena ɗaya ya kwana konti ai ya wuce nan. Wanda ya yi shekaru bai cika komi ba don bai sani ba, akwai hanyar da sunka buɗe ta gyara ba tara, ya cika harajin shekara ukku da FBAR na shekara shidda ya rubuta dalilinshi, gara shi je da ƙafarshi kafin su neme shi.

Yanzu dai gidanmu akwai wani kaye mai bango ja rataye bayan ƙofar falo, duk faktir ɗin kuran da ta ruwa nan ake soke ta, kuɗɗin cefane ma kullum sai an rubuta, don in sunka tambaya wata rana in nuna ni ke riƙe da gidan. Ni mantuwa gare ni, Hajiya ce ke rubutawa, ita da ta rantse ba ta rubuta ma bature lissafinta ga ta tana rubuta mishi nawa, da kyakkyawan rubutu ma. Watan jiya ina dubawa na ga ta sa kifi jika biyu ranar da na san wake da shinkafa munka ci, na ce Hajiya wannan fa? Ta ce kuɗɗin magatakarda ne, in ban so in ɗauko wani.